Tambayoyi da amsoshi kan kiɗan kai-tsaye a gari da makaɗan ƙarƙashin ƙasa

Tun da na fara bin wasannin ƙananan makaɗa tambayoyin da ake min kusan iri ɗaya ne, wani ya tare ni a bakin ƙofa, wani ya kira ni a waya, to shi ne na ce bari dai in haɗa su wuri guda in amsa. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an yi haƙuri da ni don maganar tana da tsawo.

Wai meye kiɗan kai-tsaye ɗin nan, ba duk wasan da aka yi a gaban jama'a ba ne?

A'a ɗan'uwa, akwai bambanci sosai. Idan mawaƙi ya hau dandamali aka kunna masa waƙar da ya riga ya naɗa a situdiyo yana bin ta da baki yana ɗaga hannu, wannan wasa ne amma ba shi muke nufi ba. Kai-tsaye shi ne duk sautin da ya shiga kunnenka a gabanka aka samar da shi a daidai wannan lokacin, mai ganguna yana duka, mai jitar bes yana riƙe da ƙasan kiɗan, mai jita yana yawo a sama, mai waƙa kuma da ainihin maƙogwaronsa yake yi. In tsirkiya ta tsinke ka gani, in mai ganguna ya yi sauri sauran su bi shi ko su janyo shi baya da ido, in jama'a sun ɗauki amshi sai ka ga waƙar minti huɗu ta koma minti goma sha biyu. Waƙar da ka ji yau in ka dawo sati mai zuwa ba haka za ta fito ba, kuma wallahi abin da ya sa wasunmu ba ma gajiya da komawa kenan.

Su kuma 'yan ƙarƙashin ƙasa, a rami suke kiɗan?

Wani lokacin kam a ramin ne, don kulob ɗin Cavern na Liverpool da aka buɗe a 1957 ɗakin ajiya ne a ƙarƙashin gini, sai ka sauka matakala, kuma a nan Beatles suka yi wasa sau 292 daga 1961 zuwa 1963. Amma ma'anar kalmar ita ce makaɗan da ba su da babban kamfanin faifai a bayansu, gidan rediyo ba ya saka su, ba ka ganinsu a allon talla, su ke naɗar waƙarsu su ke buga fostarsu su ke ɗaukar kayansu a ka.

Ni a wurina sun kasu uku, kuma haɗa su a kwando ɗaya kuskure ne. Akwai waɗanda ba a san su ba tukuna, suna jiran ranarsu. Akwai waɗanda da gangan suka zaɓi zama a ƙasan, an kawo musu kwantiragi sun ce a kai kasuwa, kamar Fugazi na birnin Washington a Amurka da suka shafe shekaru suna fitar da faifansu ta ƙaramin kamfanin Dischord wanda mawaƙinsu Ian MacKaye ya kafa da abokinsa a 1980, kuma suka dage a kan kuɗin shiga wasansu kada ya wuce dala 5 in dai da hali. Sai na ukun, waɗanda hukuma ce ta danna su ƙasa. A Prague, babban birnin Chekoslovakiya ta wancan lokacin, an kama 'yan ƙungiyar Plastic People of the Universe a 1976 saboda kiɗansu kawai, kuma wannan shari'ar na cikin abin da ya tunzura su marubuci Václav Havel suka fitar da takardar kare haƙƙin ɗan Adam mai suna Charter 77 a farkon 1977. A Tarayyar Sobiyet kuwa a falon gidajen mutane ake yin wasa a ɓoye, ana kwafar kaset daga hannu zuwa hannu, da aka buɗe musu kulob a Leningrad a 1981 ma sai an duba baitocin waƙa an sa hannu kafin a rera. Ga kuma Fela Kuti a Legas, wanda duk duniya ta san shi amma a wajen gwamnati ɗan ƙarƙashin ƙasa ne, kulob ɗinsa mai suna Shrine nan ne dandalinsa nan ne majalisarsa, har sojoji suka far wa gidansa na Kalakuta suka ƙona a Fabrairun 1977.

Me ya sa wani gari harkar take da rai, wani kuma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke?

Wannan ce tambayar da na fi so, don mutane suna zaton baiwa ce Allah ya zuba a wani gari ya hana wani. Masu baiwa suna ko'ina. Abin da ba ko'ina yake ba shi ne ɗaki. Ɗaki ƙarami mai cin mutum 50 zuwa 200, wanda hayarsa ba ta fi ƙarfin mai shi ba, kuma mai shi ya yarda ya ba yaran da ba wanda ya san su dare ɗaya a sati ko da ranar ba zai ci riba ba.

Duba tarihin duk garin da aka san shi da wani salon kiɗa, in ka tona za ka tarar da ɗaki ɗaya da mutum ɗaya mai taurin kai. A New York wani mai suna Hilly Kristal ya buɗe kulob ɗin CBGB a Disambar 1973 a unguwar Bowery, lokacin unguwa ce da ba mai son zama a cikinta, shi ya sa haya take da araha. Shi kansa wani irin kiɗan daban ya yi niyyar sakawa, amma yaran da suka zo neman wuri su ne ƙungiyoyin Television da Ramones da Blondie da Talking Heads da mawaƙiya Patti Smith, ya bar su, sharaɗinsa su yi waƙarsu ta kansu ba ta wani ba. A Kinshasa ƙungiyar mai jitar nan Franco da aka kafa a 1956 daga sunan mashayar da suke kiɗa a ciki ta samo sunanta, OK Bar ta haifi OK Jazz. A Bamako otal ɗin tashar jirgin ƙasa ne ya riƙe Rail Band tun 1970, daga nan Salif Keita ya fito, Mory Kanté ma ya biyo baya. A Dakar kulob ɗin Baobab ne ya ba Orchestra Baobab suna da wurin zama a 1970.

Abin da ɗakin yake bayarwa shi ne maimaici. Ƙungiyar da take wasa sau ɗaya a wata uku ba za ta taɓa kamo wadda take yi duk daren Laraba ba, ko da ta farkon ta fi ta baiwa. Beatles da suka je Hamburg a Jamus a 1960 awa huɗu har shida suke yi a dare, kusan kullum, a gaban mutanen da ba su damu da su ba, dole suka koyi yadda ake riƙe hankalin jama'a. Sannan ɗakin yana haɗa mutane, mai gangunan wannan ƙungiya ya ga mai jitar waccan, wanda ya zo kallo yau wata shida ya dawo da tasa ƙungiyar, wata ta fara ɗaukar hoto, wani ya fara rubutu a kansu, wani ya sayi miksa, wato na'urar haɗa sauti, ya zama injiniyan sauti. Duk wannan ba ya faruwa a babban filin wasa mai mutum dubu 50 inda kowa ya zo ya tafi bai san na kusa da shi ba.

Na je wani wasa mutum bai kai 30 ba, kunya ta kama ni a madadinsu. Haka abin yake?

Haka yake sau da yawa, kuma ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Ranar 4 ga Yunin 1976 Sex Pistols sun yi wasa a wani ƙaramin zaure a Manchester, mutanen da suka halarta wajen 40 ne, amma cikin waɗannan 'yan tsirarun akwai waɗanda daga baya suka kafa Joy Division da The Fall da The Smiths, waɗanda suka shirya wasan kuma su ne suka zama Buzzcocks. Ba ina cewa duk ɗakin da ba kowa tarihi ake kafawa a ciki ba, yawanci dai dare ne kamar kowane dare. Amma in kana cikin mutum 30 to kai ɗin ana ganinka, tafinka ana jinsa, in ka fita ana ganin gurbinka. Ka matsa gaba kusa da dandamali kawai, kada ka maƙale a bango, sauran za su biyo ka.

Ta ina zan san inda ake wasa?

Nemo ƙungiya ɗaya tak ka bi ta a Instagram ko Facebook, ka duba fostarta ka ga da wa da wa za su yi wasa, su ma ka bi su, cikin sati biyu ka san rabin garin. Shagon sayar da kayan kiɗa da wurin da ake haya don rihazal su ma ba a raba su da labari. In ka je wasan farko tambayi injiniyan sauti, shi ya fi kowa sanin abin da ke tafe.

Ranar farko ce, akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Ka zo da wuri. Ƙungiyar da take buɗe wasa ita ce ta fi buƙatar ido, kuma sau da yawa ita ce za ta ba ka mamaki. Ka biya kuɗin ƙofa, don Allah kada ka ce ai abokina ne mai jitar a sa sunana, in abokinka ne ai kai ya fi kamata ka biya. Kada ka tsaya gaban dandamali kana hira da ƙarfi lokacin da ake waƙa mai sanyi, su na sama suna jin ka tsaf. Kada ka ɗora kofi ko kwalba a kan amfilifaya ko lasifikar ƙasa. In irin kiɗan da ake ture-ture ne a gaba, ƙa'idar da kowa ya sani ita ce wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take, wanda kuma ba ya son shiga ba a jan sa. In wasan ya ƙare ka ji daɗi, je ka faɗa musu, magana biyu ta isa, amma ka bari su gama kwance kaya tukuna don wata ƙungiyar tana jiran wurin.

Suna samun kuɗi kuwa?

Gaskiya yawancinsu ba sa samu, kusan duk wanda ka gani a dandamalin nan da safe yana da wani aikin, malamin makaranta ne ko direba ko ɗalibi ko ma'aikacin ofis. Yadda ake biya iri-iri ne. Akwai rabon ƙofa, wato abin da aka tara a cire kuɗin injiniya da na mai tsaron ƙofa, sauran a raba wa ƙungiyoyi uku ko huɗu, kowace kuma ta raba wa mutum huɗu ko biyar, kai ma ka yi lissafin abin da zai rage bayan an biya motar ɗaukar kaya. Akwai kuɗin da aka yanka tun farko, ko an cika ko ba a cika ba, wannan sai ƙungiya ta fara suna. Sai kuma mummunan tsarin da na tsana, inda furomota, wato mai shirya wasa, zai ba yara tikiti ya ce ku sayar, wanda bai sayu ba ku biya daga aljihunku, ka ga kenan su suka yi kiɗan su kuma suka biya kuɗin yin sa. Duk wanda ya kawo muku wannan ku gode masa ku tafi.

Ta intanet ma ba wani abin kirki ga ƙarami, Spotify daga 2024 ma ya sa doka cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata 12 ba ba ta da kaso a rabon kuɗi, kuma waƙoƙin ƙananan makaɗa da yawa a ƙasa da haka suke. Shi ya sa ɗan teburin nan da ke bakin ƙofa inda ake sayar da riga da kaset da faifai yake da muhimmanci, riga ɗaya da ka saya ta fi musu sauraro dubbai. Shafin sayar da waƙa na Bandcamp ma da sauƙi, don kaso 10 zuwa 15 cikin 100 yake cira, yawancin sauran ya tafi wa mai waƙa.

To in babu kuɗi me ya zaunar da su?

Ka taɓa tsayawa a ɗaki mutum 80 suna rera baitin da wani yaro ya rubuta a kan gadonsa, shi kuma ya saki makirufo ya tsaya yana kallonsu? Wanda ya ɗanɗani wannan da wuya ya bari. Bayan haka akwai zumunci, mutum huɗu da suka shekara biyar suna haɗuwa duk sati suna faɗa suna shiryawa sun zama 'yan gida ɗaya.

Me ya sa wani lokaci sautin ba ya daɗi, ba a jin mawaƙi sai hayaniya?

Kafin ka zagi injiniya ka duba ɗakin. Yawancin waɗannan wuraren ba don kiɗa aka gina su ba, bango siminti ne ƙasa tayil, sauti yana dukan bango ya dawo ya haɗu da wanda yake fitowa sai komai ya dagule, shi ya sa in ɗaki ya cika sautin yake gyaruwa don jikin mutane yana shanye shi. Na biyu su kansu makaɗan, mai jita ya ƙure amfilifayarsa don yana son jin kansa, mai ganguna ya ƙara ƙarfi, to a ƙaramin ɗaki murya kaɗai ce take dogara da lasifika, in injiniya ya ce zai ɗaga ta sama da su sai makirufo ya fara ɗaukar sautin lasifikar yana maido mata, shi ne wannan ƙarar mai tsinin da take soke kunne. Ƙungiyar da ta san kanta tana rage sautinta a dandamali ta bar wa injiniya wuri. In kana son jin mafi kyau tsaya kusa da teburin miksa, a nan mai haɗa sautin yake ji.

Kuma fa tsadar kaya ba ita ce daɗin kiɗa ba. Konono No 1 na Kinshasa da Mawangu Mingiedi ya kafa, da maganaɗisun tsofaffin kayan mota suka haɗa abin ɗaukar sautinsu, ƙarar da wani zai kira lalacewa ita ce ta zama tambarinsu har Turai ta neme su.

Kunnena yana ƙara bayan na dawo gida, matsala ce?

E matsala ce, kada ka ɗauke ta wasa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke amfani da shi shi ne desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na tsawon awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, kafin ka kai 100 saura minti 15 kacal, wasan kai-tsaye kuwa a wajen 100 ɗin yake yawo ko ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 ta fitar da ƙa'ida cewa matsakaicin sauti a wuraren wasa kada ya haura 100. Ƙananan gashin da ke can cikin kunne masu ɗaukar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Sayi abin toshe kunne, akwai na makaɗa wanda yake rage ƙarfi ba tare da ya dusashe kiɗan ba, kada ka tsaya daf da lasifika, tsakanin ƙungiya da ƙungiya ka fita waje kunne ya huta. In ƙarar ta kwana biyu ba ta tafi ba ka ga likita.

Waɗannan ƙananan wuraren akwai tsaro kuwa?

A nan ba zan yi wa harkar da nake so kara ba, don an rasa rayuka. A Fabrairun 2003 a kulob ɗin The Station da ke jihar Rhode Island ta Amurka an kunna wasan wuta a dandamali, ya kama soson da aka manna a bango don tare sauti, mutum 100 suka rasu, da yawansu a cunkushe a ƙofar da suka shigo ta ita. A Disambar 2004 a Buenos Aires ta Ajantina mutum 194 suka mutu a gobarar kulob ɗin Cromañón, an tarar da ƙofar fita ta gaggawa a ɗaure. A Disambar 2016 a Oakland ta Amurka wani sito da aka mayar wurin zama da wasa ya kama da wuta, mutum 36 suka rasu. Labarin kusan ɗaya ne kullum, wuta a cikin rufaffen ɗaki, kayan da ke saurin kamawa, mutane sun fi ƙarfin wurin, ƙofa a kulle.

Don haka duk ɗakin da ka shiga, kafin ka nemi abokanka nemi ƙofa ta biyu da idonka, ka tabbata a buɗe take ba a jibge kaya a gabanta ba. In ka ga an cika har ba ka iya ɗaga hannu, ko wani ya fito da abin tartsatsi, fita kawai, kuɗin tikitin ya tafi. Masu shirya wasa kuma, in kun ce ku 'yan ƙarƙashin ƙasa ne ba ruwanku da hukuma, to wuta ba ta san wannan ba, ku ƙirga mutane a ƙofa, ku ajiye abin kashe gobara, kada ku ja wutar amfilifaya biyar daga soket ɗaya.

Ni ba na shan giya kuma ba na son wurin da ake sha, kenan harkar ba tawa ba ce?

Taka ce mana. Gaskiya ne wurare da yawa da cinikin abin sha suke biyan haya, amma ba nan kaɗai ake kiɗa ba, ana yi a zauren taro da ɗakin karatu da shagon shayi da harabar makaranta da gareji da falon gida, wasu ma da rana tsaka. A Washington tun farkon shekarun 1980 aka samu matasan makaɗa da suka fito fili suka ce ba sa sha ba sa busa, suka dage sai an bar 'yan ƙasa da shekarun shiga mashaya sun shiga kallo, ana zana musu alamar X a bayan hannu don kada a sayar musu, daga baya alamar ta zama abin alfaharinsu. In babu irin wannan wasan a kusa da kai, to ga aiki nan ya same ka.

Mace za ta iya zuwa ita kaɗai?

Ya danganta da wurin, kuma wurin da mace ba za ta sake a cikinsa ba laifin masu shi ne. 'Yar'uwa ki fara da wasan da kika san wani a ciki, ki lura ko akwai mata a cikin masu aiki ko a kan dandamali, wannan alama ce mai kyau. In wani ya dame ki faɗa wa mai ƙofa ko injiniya, wurin kirki fitar da shi za su yi. Mu maza kuma in mun gani kada mu kau da kai.

Ina son kafa tawa ƙungiyar, ta ina zan fara?

Fara da mutanen da za su zo rihazal a kan lokaci, wannan ya fi gwaninta, gwanin da ba ya zuwa ba shi da amfani. Mai ganguna shi ne mai wuyar samu a ko'ina, in ka samu na kirki ka riƙe shi hannu biyu. Ku sa rana ɗaya a sati ba fashi, ku haɗa waƙa shida ko bakwai naku na kanku da za su kai minti 25, ku naɗi rihazal ɗinku da waya ku saurara ko da ba daɗi, a nan za ku ji inda kuke karkacewa. Kada ku jira sai kun sayi kaya masu tsada, Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau ga shi yana zaga duniya.

Sai abin da yara suke tsallakewa, ku riƙa zuwa wasan wasu tun kafin ku nemi naku. Wanda ba a taɓa ganin fuskarsa a ƙasa ba da wuya a kira shi sama. Ranar da aka ba ku dama ku zo da wuri, in an ce minti 25 kada ku yi 40 don lokacin wani kuke ci, in kun sauka ku tsaya ku kalli na bayanku. Kuma tun ana dariya ku zauna ku yi maganar kuɗi da ta mallakar waƙa, wa ya rubuta, yaya za a raba, in wani ya fita sunan ƙungiya na waye, ku rubuta a takarda. Na ga abota ta shekara goma ta watse a kan abin da zaman rabin awa zai warware tun farko.

Intanet bai kashe harkar ba? Yanzu ai daga ɗaki mutum yake shahara.

Ya canja ta dai. Yanzu yaro zai iya tara mabiya dubu ɗari bai taɓa tsayawa gaban mutum 20 ba, ranar da aka ɗora shi a dandamali sai ka ga gwiwa tana rawa numfashi yana ƙarewa a baiti na biyu, don wannan ba a koyon sa a waya. Amma wayar ta yi rana, a yankin Sahara kafin data ta wadata ta Bluetooth da katin memori waƙoƙin masu jitar Agadez suke tafiya daga waya zuwa waya har su tsallaka ƙasashe, wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds ya tattara irinsu ya fitar a 2011, ta nan mutanen waje da yawa suka fara jin Mdou Moctar. Sai dai ka lura, hannun nasu a wasan da suke yi dare da rana a gaban jama'a ya ƙware, waya ɗaukowa kawai ta yi.

In ƙungiya ta shahara ta shiga babban kamfani, ta ci amanar 'yan ƙasa kenan?

Ni ban yarda da wannan ba, mutumin da ya shekara takwas yana ɗaukar amfilifaya a ka in ya samu inda zai ci abinci da kiɗansa ina taya shi murna. Abin dubawa shi ne me ya sa wa hannu, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuɗin da kamfani yake bayarwa a farko bashi ne da za a cire daga cinikin faifai, kuma sau da yawa asalin naɗin waƙar ya zama na kamfani. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne abin da shahara take yi wa garin. Nirvana sun fitar da faifansu na farko a 1989 ta ƙaramin kamfanin Sub Pop na Seattle, na biyun da ya fito ta babban kamfani a 1991 ya hau lamba ɗaya a Amurka, sai kamfanoni suka yi wa garin dirar mikiya suna neman duk mai kama da su, yara suka fara kiɗa don a saye su ba don abin da ke ransu ba. Wanda ya hau sama ya dawo ya ɗauki ƙananan garinsu su buɗe masa wasa, wannan bai ci amanar kowa ba.

Me yake rufe waɗannan wuraren?

Haya ce ta farko. Makaɗa su shiga unguwar da ba mai so saboda araha, su raya ta, masu kuɗi su gano ta, haya ta tashi, waɗanda suka raya ta su ne farkon fita. CBGB da duk sunansa rigimar haya ce ta rufe shi a Oktoban 2006, Patti Smith ce ta yi wasan ƙarshe, daga baya wurin ya koma kantin tufafi. Na biyu maƙwabta, a gina sabbin gidaje jikin kulob ɗin da ya shekara 20 a wurin, waɗanda suka tare jiya su kai ƙarar hayaniya. Ingila ta sa wata ƙa'ida a tsarin gine-ginenta a 2018 cewa wanda ya zo daga baya shi ke da alhakin tare sauti, ka gina gida kusa da wurin kiɗa to kai za ka yi wa gininka maganin ƙara, ni a ganina adalci kenan kuma ya kamata kowane gari ya kwafa. Amsterdam da Landan har jami'i na musamman suka taɓa naɗawa mai kula da harkokin dare. Duk da haka korona ta 2020 ta karya wurare da yawa, tsadar wuta da kaya ta biyo baya, ƙungiyar Music Venue Trust ta Birtaniya ta ce a 2023 kaɗai ƙananan wurare 125 ne suka rufe ko suka daina saka kiɗan kai-tsaye, a shekarar da manyan mawaƙa suke cika filayen ƙwallo.

Ba ni da kuɗi sosai kuma ban iya kiɗa ba, da me zan taimaka?

Da ƙafarka. Ka zo, ka zo da mutum ɗaya wanda bai taɓa zuwa ba, wata mai zuwa ka sake zuwa. In kana da mota ka ɗaukar musu ganguna, in ka iya zane ka yi musu fosta, in wayarka tana da kyamara mai kyau ka ɗauki waƙa ɗaya cikakkiya ba tare da girgiza hannu ba ka tura musu, sauran wasan kuma ka mayar da wayar aljihu ka kalla da idonka. In an tashi ƙarfe ɗaya na dare za ka ga mutum biyu ko uku suna naɗe wayoyi suna jera kujeru, je ka tambaye su wanne za ka ɗauka.